Allurar rage ƙiba ko aikin tumbi? Amsa ga wata ƴar kasuwa a Maraɗi

Assalamu alaikum Tanti. Ni ƴar kasuwa ce, ina sayar da atamfa da leshi a Babbar Kasuwar Maraɗi. Shekarata 39, ƴaƴana biyar. Nauyina kilo 112, tsawona mita 1 da santimita 60. Shekara uku ke nan da aka ce ina da ciwon suga, ga tansiyo, ga ciwon gwiwa, har ta kai yanzu a kan kujera nake sallah. Na sha shayin rage ƙiba iri uku da na saya ta WhatsApp, ban da zawo da bugun zuciya ba abin da na samu. Wata ƙawata da ke zuwa Dubai saro kaya ta ce akwai wata allura Ozempic, sau ɗaya a mako, za ta riƙa kawo mini kowace a kan jika 80. Wata kuma ta nuna mini hotunan ƴar'uwarta da aka yi wa aikin rage tumbi a Turkiyya, ta koma kamar budurwa. Maigidana ya ce shi a haka yake sona, kada in ja a ce ba ya ciyar da ni. Uwar mijina ta ce wannan taɓa halittar Allah ne. Kuma ina son in ƙara haihuwa ko da ɗaya ce. Wanne zan yi?

Ƙanwarki, daga unguwar Zariya, Maraɗi

Wa'alaikumus salam, ƙanwata.

Duk wasiƙar nan taki ba abin da ya tsaya mini a rai kamar kujerar sallar. Mace mai shekara 39 da goshinta ya daina taɓa ƙasa ta wuce maganar ado da kwalliya, magani take nema. Saboda haka ki fara cire kunyar nan daga ranki. Masu aikin asibiti suna da wani lissafi da suke kira BMI: a ninka tsawon mutum da kansa, a raba nauyinsa da abin da ya fito. Naki 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, in aka raba 112 da shi za a samu kusan 44. Daga 30 ake kiran abu ƙiba mai cutarwa, daga 40 kuwa an shiga mataki na ƙarshe. Ga suga da hawan jini a kai. Duk likitan da ya ga waɗannan lambobi ba zai sallame ki da "rage ci, Hajiya" kawai ba, in dai ya san aikinsa.

Na san garinmu. Mace ta yi aure, bayan wata shida ta zo gida ganin dangi, abu na farko da gwaggonni za su duba shi ne wuyanta da damtsenta. In ta murje, miji ya ci jarrabawa. In ta rame, sai a fara raɗa: ko kishiya, ko yunwa, ko wani ciwon da ba a faɗa. Abin da ke cin maigidanki ke nan, bakin mutane, kuma ba zan ce ba shi da dalili ba. Amma kafin mu bar nan ina da tambaya, ki amsa wa kanki tsakaninki da Allah: kin taɓa shan ƙwayoyin ƙiba, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, gabanin aure ko bayan haihuwa? Da yawansu dexamethasone ne, kuma shi wannan magani in an daɗe ana sha yana kumbura fuska da ciki, ya ta da suga, ya ta da jini. In har yanzu kina taɓawa, ko a cikin wani haɗin maganin ciwon gwiwa da mai tebur ke ƙulla miki a leda, ki kai wa likita ya gani. Kada ki yanke shi rana ɗaya da kanki, a hankali ake janye shi.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, ki bi ta da ladabi. Hadisi ne sananne cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri ba wanda ya ce ta taɓa halitta. In hankalinta bai kwanta ba, ku je wurin malamin da ta yarda da shi, amma ki gaya masa cewa suga da hawan jini ne suka kawo maganar, kada ya ɗauka gyaran jiki na gayu ne.

Shayin nan ki zubar da ragowarsa yau. Galibinsu filasko ne da danginsa masu sa zawo, wasu kuma da maganin sa fitsari, sai sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi alhali ruwan jikinki ne, kitsen yana nan inda yake. Bugun zuciyar ne ya fi damuna. Akwai wani magani, sibutramine, da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma hukumomin magunguna sun sha kama shi a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin da aka rubuta wa "ganye zalla". Faransa ma ta ɗanɗana irin wannan da Mediator, wanda mutane suka yi shekaru suna sha don rage ci, har aka janye shi a 2009 bayan ya lalata wa mutane da yawa zuciya. Ki faɗa wa likita kin sha, ya saurari ƙirjinki.

To, allurar. Ba ƙarya ƙawarki ta yi miki ba, maganin gaskiya ne. Sunan abin da ke cikinta semaglutide, wani kamfanin ƙasar Denmak mai suna Novo Nordisk ke yin ta. An amince da Ozempic a Amurka a 2017 don masu ciwon suga, sannan a 2021 aka fito da Wegovy, magani ɗaya ne amma da ƙarfin da ya fi, don ƙiba. Yadda take aiki: in mutum ya ci abinci, hanjinsa na sakin wani sinadari, GLP-1, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya sa tumbi ya rage saurin tura abinci, ya taimaka wa jiki fitar da insulin. Na jikinmu mintoci kaɗan yake yi ya ɓace, na allurar kuwa mako guda yake yi yana aiki. Masu yin ta sukan ce tunanin abinci ne ya bar su. Mai tallan fanke ta wuce gaban shago ba su ɗaga kai ba. A babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 2021, mutum 1,961 aka bi har mako 68, waɗanda aka yi wa allurar suka rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda aka yi wa marar magani kashi 2 da ɗan ɗori. A jikinki wannan wajen kilo 17 ne, ko da yake masu suga sukan rage ƙasa da haka. Akwai kuma ƙanwarta, tirzepatide, da ake sayarwa da sunan Mounjaro, wadda a nata gwajin ta kai wajen kashi 20.

Ga abin da ƙawarki ba ta faɗa miki ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba. Da aka bi wasu daga cikin mutanen gwajin nan shekara ɗaya bayan sun daina, kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo. Allurar kamar maganin tansiyonki take, tana aiki muddin ana yi. Ke ƴar kasuwa ce, ɗauko kalkuleta. Allurar a cikin wani abu mai kama da alƙalami take zuwa, kuma alƙalami ɗaya wajen wata guda yake yi. Jika 80 sau 12, jika 960 ke nan, miliyan ɗaya ba kaɗan, a shekara ɗaya tak, ban da kuɗin analis da ganin likita. Shagonki zai ɗauki wannan shekara biyu, uku, biyar? In amsar ita ce "in yi wata uku in gani", to kin sayi wata uku na tashin zuciya ne da kuɗin leshi dila guda.

Sai zafinmu. Wannan allura a firigo take zama, tsakanin digiri 2 da 8, kuma ba a barin ta ta daskare. In an fara amfani da alƙalamin yana jure makonni shida zuwa takwas a waje, gwargwadon abin da takardarsa ta ce, amma da sharaɗin zafi bai wuce digiri 30 ba. Wane ɗaki ne a Maraɗi ke ƙasa da 30 a watan Afrilu in kuran ya ɗauke? Bara wata maƙwabciyata ta shigo mini da nata da murna in nuna mata yadda ake yi. Ta buɗe jaka ta zaro ledar ƙanƙara da ta zama ruwa mai ɗumi, alƙalamin na iyo a ciki, kwalin ya jiƙe har lambar da ke jikinsa ta goge. Daga Kano aka taho da shi a bayan mota, ta Jibiya da Ɗan Isa, da tsayuwar kan iyaka da komai. Na juya shi, na ɗaga shi a haske, ruwan garau kamar ba abin da ya same shi. Matsalar ke nan: da ido ba a gane wanda zafi ya kashe.

Ba a kuma gane na jabu. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan Ozempic na jabu da aka kama a Barazil da Ingila da Amurka. A Ostiriya a 2023 an kwantar da mutane a asibiti bayan sun yi allurar jabu, hukumomin ƙasar suka ce alamu sun nuna insulin ce aka zuba a ciki. In ƙasashen da ke da ido a kan kowane kwali an shammace su, ina ga akwatin da ya taho tare da turare da mayafai? Ban ce ƙawarki macuciya ba ce. Ita ma saya take yi a hannun wani.

Ko ta gaskiyar ce, ba a fara ta da ka. Da miligiram 0.25 ake somawa, a yi mako huɗu, sannan a riƙa hawa a hankali, don tashin zuciya da amai da zawo ko taurin ciki su ne abokan tafiyarta a farko. Tana iya jawo tsakuwa a maɗaciya, kuma jefi-jefi kumburin pankiriyas, wato gaɓar da ke fitar da insulin a bayan tumbi, wanda alamarsa ciwon ciki ne mai tsanani da ke ratsawa har baya. Wannan asibiti ake nufa ko tsakar dare ne. Wanda a danginsa akwai wani nau'in sankarar maƙoshi ba a ba shi. Ke da ke da suga akwai ƙari biyu. In kina shan glibenclamide ko kina allurar insulin, haɗa su da wannan ba tare da an rage ba na iya faɗar da sugarki ki yanke jiki a shago. Kuma in suga ya riga ya taɓa jijiyoyin ido, saukar da shi da gaggawa na iya ƙara ɓata su, don haka a duba idonki tukuna. Kada kuma ki soma ta ana saura mako biyu azumi. Amai da ƙishirwar Ramadan a zafin nan ƙoda ke biyan kuɗinsu.

Aikin tumbi kuma iri biyu ne suka fi yawa, duka ta ƴan ƙananan huda ake yi da kyamara, ba a tsaga ciki. Na farko a yanke wajen kashi 80 cikin ɗari na tumbin a fitar, a bar siriri kamar ayaba. Na biyu a ware ɗan aljihu kamar ƙwai a saman tumbin, a jona shi kai tsaye da hanji, abinci ya tsallake sauran. Kada ki haɗa su da zuƙe kitse da ake tallatawa a TikTok. Shi wancan siffa yake gyarawa, ba ruwansa da suga. Aikin tumbi na gaskiya yakan rage kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 30 ko kusa da haka a jikinki, kuma ya fi allura daɗewa. Masu suga da yawa sugarsu kan sauka har a ajiye magani na shekaru, musamman waɗanda ciwon bai daɗe a jikinsu ba, irinki. Ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka fitar a 2022 ta ce daga BMI 35 ana iya yi, mai suga ma daga 30. A ƙwararrun hannu haɗarin mutuwa wajen mutum ɗaya ne cikin dubu. In kin tambaye ni a kan takarda wanne ya fi dacewa da lambobinki, zan ce aikin.

Amma ba a kan takarda kike zaune ba, a unguwar Zariya kike. Hotunan da aka nuna miki ba su nuna makonnin farko ba, lokacin da mace ke kurɓar romo da cokali, sannan kunu mai ruwa, sannan abu mai laushi. Ba su nuna ranar biki ba, an ajiye mata tiren shinkafa da kaji, ta yi loma huɗu ta janye hannu, dangin miji na kallonta. Ba su nuna ƙwayoyin bitamin da za ta sha har ƙarshen rayuwarta ba, B12 da na ƙarin jini da kalsiyam da bitamin D, da awon jini kowace shekara. Wadda ta yi sakaci da su sai ƙarancin jini da zubar gashi da mutuwar ƙafafu. Garin neman ƙiba a samo rama, in ji mutanen da. Wannan kuma garin neman rama a samo jinya. Mai siririn tumbi na iya fama da ƙwannafi. Wadda aka jona wa hanji in ta sha abu mai zaƙi sai jiri da gumi da zawo su taso mata, kuma an raba ta da diclofenac da ibuprofen, waɗanda na tabbata su kike sha don gwiwa.

Babban abin tsoron shi ne ɗinkin ya yi yoyo. Ba kasafai ba ne, amma in zai faru a kwanakin farko ko makonnin farko yake faruwa, daidai lokacin da masu shirya tafiyar nan suka riga suka sa ki a jirgi. Ki sauka Yamai, ki yi kilomita fiye da 600 a mota zuwa gida, kwana biyu zazzaɓi ya rufe ki, zuciya na gudu. Wa za ki kira? Wanda ya yi aikin yana Istambul, lambar da kike da ita ta dillaliya ce. Don haka in aikin za ki yi, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ki biya ko dala, ki samu likitan tiyata a nan gida da ya yarda zai karɓe ki in kin dawo. Ki san sunan wanda zai yi aikin da irin aikin da zai yi. Ki tanadi kuɗin zama can har ya sallame ki da bakinsa, ki taho da rahoton aikin a rubuce da Faransanci ko Ingilishi. Duk asibitin da ya ba ki rana ta WhatsApp bai nemi ganin sakamakon awonki ba, ki rufe wayar.

Na bar maganar haihuwa sai yanzu don ita ce za ta tsara sauran. Ba a yin allurar da ciki, kuma ana daina ta aƙalla wata biyu kafin a nemi cikin. Bayan aiki ana jira wata 12 zuwa 18. Ga kuma abin da ke ba mata mamaki: da nauyi ya fara sauka haihuwa kan buɗe, wadda ta shekara biyar shiru sai ga ciki ba shiri. Saboda haka duk wanda kika zaɓa, da tazarar haihuwa zai tafi, kuma ƙwayar sha ba abin dogaro ba ce bayan jona hanji ko a farkon Mounjaro; a yi maganar ta hannu ko ta mahaifa. Ra'ayina, tunda kin tambaya: ɗaukar ciki yau, da kilo 112 da suga da jinin da ba su daidaita ba, ya fi jiran shekara ɗaya da rabi haɗari, gare ki da abin da za ki haifa. Wasu magungunan tansiyo ma, irin su captopril da enalapril, ba sa tafiya da ciki. Ƴaƴa biyar na kallonki. Amma shekara 39 ba ta jira, na sani, shi ya sa wannan hukunci naku ne ke da maigida da likitan mata.

Abin da nake so ki yi a watan nan ba shi da tsada kamar waɗancan. Ki je babban asibiti wurin likitan da ke duba masu suga, ki zuba duk magungunanki a leda ɗaya har da kwalin shayin. Ki nemi awon HbA1c, wanda ke nuna yadda sugarki ya kasance a wata uku, da na ƙoda da hanta da kitsen jini, da duba ido. Ki tambaye shi kai tsaye ko allurar ta dace da ke. In ya ce eh, da ordonans za ki saya a farmasin da zai iya nuna miki inda ya samo ta da firigon da take ciki, ke ma ki tanadi inda za ki ajiye taki in kuran ya tafi. In ba a kan metformin kike ba, ki tambayi dalili. Tsohon magani ne mai araha, kuma ba ya ƙara nauyi.

Kafin nan, kilo 6 zuwa 11, wato kashi 5 zuwa 10 na nauyinki, sun isa su motsa suga da jini, kuma ko likitan tiyata zai so ki fara da su. Na san zaman shago: lemun kwalba in baƙuwa ta zo, zoɓo mai sukari da azahar, fura da sukari cokali uku, shayin yaron maƙwabci zagaye uku. Ki fara da abin sha kawai, ki bar tuwonki tukuna. Dambun zogale da kwaɗo da wake suna nan a bakin kasuwa. Tafiya kuma bayan sallar asuba, minti goma, gwargwadon abin da gwiwa ta yarda.

Ranar ganin likitan ki roƙi maigida ya kai ki da kansa, ya shiga ɗakin ya zauna. Kada ki yi masa gardama a gida kan so ko rashin so. Bari ya ji lambobin daga bakin namiji ɗan'uwansa ko mai farar riga, ya ji me suga ke yi wa ƙoda da ido da ƙafa. Na ga maza da yawa sun shiga irin ɗakin nan suna cika baki, sun fito suna tambayar kuɗin analis. Ita kuwa ƙawarki, ki yi mata godiya, ki ce wannan tafiyar leshi kawai za ta taho miki da shi. In sakamakon ya fito ki sake rubuto mini, da lambar HbA1c ɗin da sunayen ƙwayoyin da kike sha.

Tantinki